Motar Baban Zulaihat

Saura kwana uku sojoji su miƙa mulki, sai duk mai mota a birnin Katsina ya tuna cewa tasa ta yi datti.

Shekara huɗu ke nan da Sagir ya buɗe wurin wankin mota a bakin titin Ƙofar Marusa, bai taɓa ganin layi irin na wannan makon ba. Yawanci motocin 'yan siyasa ne da suka sha yawon ƙauyuka, an lilliƙa musu fastoci da koko har kan gilas. Yanzu zaɓe ya wuce, kowa yana son tasa ta ɗauki ido kafin Asabar, ranar rantsuwa.

"A wanke waje, a shafa folish, sauri nike."

Maganar kowa ke nan tun safe. Sagir ya ji ta har ta daina shiga kunnensa.

Ba wannan aikin ya koya ba. Shekara shida ya yi a Kaduna wurin wani mai sayar da motoci, inda ake kwance kujeru a fito da su, a wanke kafet a shanya, a bi kowane lungu da ƙaramin buroshi. Kujerar fata kuwa ba a koya masa ba, a gida ya gada, don mahaifinsa baduku ne har ya rasu. Ya dawo gida da burin ya nuna wa mutanen garinsu yadda ake mayar da tsohuwar mota sabuwa. Sai ya tarar cikin mutum goma, tara ba su son a ko buɗe musu ƙofa.

Babaji ne yake tausarsa. Dattijo ne, tsohon direban babbar mota da ciwon baya ya sauke daga hanya, su biyu suke aikin.

"Ka faɗa ma mai mota gaskiya sau ɗaya," in ji shi kullum. "In ya ce a'a, ka yi mashi abin da ya ce, ka yi shi da kyau. Motarshi ce."

Ana gab da azahar wata baƙar Marsandi ta tsallake layi ta tsaya a gaban kowa. Tun kafin a sauke gilas Sagir ya san mai ita. Abbas ne, ɗan kwangilar da ya ci kujerar majalisar jiha, wanda wata biyar ke nan yana sintiri Ƙofar Guga, gidan su Zulaihat, budurwar Sagir.

"Injiniyan kumfa!" Abbas ya ce yana dariya. "A taimaka mani, ana jirana."

Sagir ya zagaya motar sau ɗaya, ya shafa murfin but da yatsa.

"Honorabul, kokon nan ya fara cin fenti. In an shafa folish a kanshi, rufe shi kawai zai yi, bayan sati biyu tabon ya fito. In ka bar mani ita zuwa gobe, zan cire shi a hankali, in gyara cikin ma."

"Wa zai leƙa ciki? Yi mani abin da na ce."

"To."

Ya ɗauki bokiti da soso. Yana wanki Abbas yana tsaye a inuwa yana kaɗa makulli, yana ba direbobin da ke jira labarin wanda za a ba kwamishina da wanda za a hana. Da aka gama ya shiga, ya leƙo da kai, ya rage murya yadda Sagir kaɗai zai ji.

"Ƙofar Guga na nufa. Gwaggo Uwa ta aiko in biya. In gaishe maka da mutanen gidan?"

Sagir ya matse tsumma, ya juya kan motar da ke biye.

Shekara biyu suna tare da Zulaihat. Nas ce a asibitin gari, a wurin jinyar mahaifiyarsa suka haɗu. Sau biyu baffanninsa suna saka manyan riguna su tafi gidan mahaifinta Alhaji Abdurrahim, sau biyu ana karɓarsu da ruwan sanyi da fura a ce musu a ɗan dakata. Alhaji bai taɓa cewa a'a ba, bai kuma taɓa cewa to ba. Ƙanwarsa Gwaggo Uwa ce ba ta ɓoye nata ba. A gidan suna, cikin mata, ta ce ɗiyar da aka haifa a GRA ba za ta ƙare a ɗakin ɗan dukawa mai goge tayar mutane ba. Maganar ta zagayo har kunnen mahaifiyar Sagir, ta kwana biyu ba ta ci abin kirki ba.

Ga kuma Abbas da alkawarinsa. Shekara huɗu da suka wuce aka rage ma'aikata, sunan Alhaji ya fito cikin waɗanda aka sallama, yana mataimakin darakta. Aka karɓe gidan gwamnati, ya kwaso iyali ya dawo tsohon gidan gado na Ƙofar Guga. Abbas ya yi rantsuwa a gaban Gwaggo Uwa cewa da zarar farar hula sun zauna, fayil ɗin Alhaji ne farkon abin da zai ɗaga.

Bayan la'asar layi ya ragu. Hannayen Sagir sun yi fari sun yamutse don omo, bayansa kamar an daka. Ya zauna kan tsohuwar taya ke nan sai ga farar Fijo ta shigo a hankali.

Ya miƙe da sauri ya durƙusa.

"Baba, barka da yamma."

"Barka kadai, Sagiru. Ya aiki? Ya mahaifiyar taka da jiki?"

"Da sauƙi, Baba. Ya mutanen gida?"

"Lahiya lau suke."

Alhaji Abdurrahim ya fito cikin babbar riga mai ruwan ƙasa, ta sha guga, hula a karye daidai. Kamar yadda ya saba duk Laraba, ya ɗaga gilasai huɗu, ya ja labulen da ya sa aka ɗinka wa tagogin baya, ya bi ƙofofi ɗaya bayan ɗaya ya kulle, ya jefa makulli aljihu.

"Wanki da folish. Kar a taɓa ciki."

"To, Baba."

Ya tafi kan benci ya buɗe jarida.

Sagir ya fara daga rufi. Ya san motar nan kamar tafin hannunsa, ya kuma san abin da mai ita bai san ya sani ba. Mai wankin mota ba ya bukatar a buɗe masa ƙofa. Jar ƙasar da ke maƙale a ƙarƙashin madogarar taya ba ta cikin birni ba ce. Bayan motar ya zauna, irin zaman motar da ake ɗora wa buhuna. A tsagar murfin but yakan tarar da ƙwayar gero, wani lokaci kashin awaki. In ya matsa kusa da ƙofa, warin daddawa da kalanzir yakan biyo ta jikin roba.

Kullum da safe Alhaji yana fita da babbar riga, ya ce wa iyalinsa zai je bin fayil ɗinsa a sakatariya. Sagir ya kasa yarda da abin da idonsa ke gaya masa, har wata safiya ya hau babur ya bi shi daga nesa. Bayan gari, kan hanyar Batsari, gindin wata babbar bishiyar bedi, ya ga mataimakin darakta ya tuɓe babbar riga ya ninke, ya naɗa rawani ya rufe har hanci, ya saka baƙin tabarau, ya tsaya bakin titi yana kiran fasinja.

Ranar Sagir ya koma bai iya aiki ba. Bai gaya wa kowa ba, har Babaji.

Ya gama wanki ya tsane ruwan, ya lakato folish ya fara shafawa. Yana kan ƙofar baya ta hagu, yana murzawa kusa da mariƙi, sai ya ji wani abu ya yi ƙas a ciki. Makullin da fasinja suka gaji da fizga ya saki. Ƙofar ta buɗe da kanta.

Wani ɗan takalmin roba na yaro, ƙafa ɗaya, ya faɗo cikin ruwan kumfa.

Kujerar baya ta yage, soso ya fito, an ɗaure ta da igiya an tokare da katako. Gero ya cika kafet. A kan kujerar ga rawani a dunƙule, ga baƙin tabarau a kansa.

Sagir ya yi maza ya tura ƙofar da gwiwa. Ta ƙi kamawa. Ya sake turawa.

"Bar ta."

Alhaji yana tsaye a bayansa, jaridar a hannu. Ya dubi Babaji da ke can nesa yana ɗauraye wata mota, sannan ya dawo da ido kan Sagir. Ya daɗe yana kallonsa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Baba, ni ban..."

"Kar ka yi mani ƙarya. Fuskar nan taka ba ta wanda ya ga sabon abu ba ce."

Sagir ya sunkuyar da kai.

"Tun kafin azumi."

"Wata shida." Alhaji ya maimaita a hankali. "Wata shida ina zuwa nan ina kulle ƙofofi kamar mahaukaci, kana kallona. Wa ka faɗa mawa?"

"Wallahi ba kowa."

"Zulai?"

"Ko ita."

Alhaji ya koma kan benci ya zauna. Ya yafito Sagir. Sagir ya zo ya tsuguna a gabansa, tsumman folish a hannu.

"Shekara ashirin da shida na yi ina aiki," Alhaji ya ce. "Ko biro ban taɓa kaiwa gida ba. Takardar da suka sallame ni da ita layi uku ce. Na yi shekara biyu ina bin ofis-ofis, yaran da na ɗauka aiki da hannuna suna cewa in dawo gobe. Baki tara nike ciyarwa, Sagiru. Mi kake so in yi?"

"Baba, ai ba abin kunya ba ne. Halak ɗinka kake nema. Ni wallahi tun ranar da na sani girmanka ƙaruwa ya yi a idona."

"Na san za ka ce haka. Shi ya sa abin ya fi ciwo."

Ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

"Ƙanwata Uwa tana cewa kai ɗan dukawa ne, mai wankin mota. Ni ban taɓa ƙin ka don wannan ba. Na san mahaifinka, mutumin kirki ne. Jan baffanninka da nike ta yi, kunya ce. Ina jin tsoron a sa rana ta zo ban da abin da zan kai ɗiyata ɗaki da shi. Ban ƙi ka ba, sai yau."

Sagir ya ɗago da sauri.

"Baba!"

"Saurara. Suruki mutum ne da zai shigo zaurena ya durƙusa ya gaishe ni, ina zaune ina kallonshi. Kai kuwa duk ranar da ka durƙusa, ni zan sunkuyar da kai. In ka kawo buhun shinkafa da salla, zan ce tausayina kake ji. In ka yi shiru, zan ce tunawa kake. Ba zan iya ba. Na tsufa da wannan."

"Don Allah, Baba, ka dubi..."

"Ka faɗa ma baffanninka kar su wahalar da kansu."

Ya miƙe, ya ajiye ladan wankin a kan benci kamar kullum. Ya duƙa da kansa ya tsamo takalmin yaron daga cikin kumfa, ya jefa cikin mota, ya ɗaure ƙofar da guntun igiya daga ciki. Rabin motar na ƙyalli, rabi da farin folish da ba a goge ba, haka ya ja ta ya fita.

Babaji ya ƙaraso yana goge hannu.

"Lahiya? Ya tahi ba a gama ba."

"Sauri yake," Sagir ya ce.

* * *

Washegari Alhamis, rana ba ta gama fitowa ba motoci uku suna jira. Sagir yana kwance igiyar tankin ruwa, idonsa jajir, sai Babaji ya yi gyaran murya.

"Ka yi baƙuwa."

Zulaihat ce, cikin fararen kayan aiki, ta lulluɓa da mayafi ruwan toka. Daga aikin kwana ta taso, ko gida ba ta je ba. A shekara biyu ba ta taɓa tako wurin aikinsa ba. Ta gaida Babaji har ƙasa, sannan ta zagaya gefen tanki inda masu motoci ba za su ji ba.

"Yaya Sagir, ina kwana."

"Lahiya lau, Zulai. Ya aiki? Mi ya fito da ke nan?"

"Kai za ka faɗa mani."

Muryarta a dushe take. Ya ga fatar idonta ta kumbura.

"Jiya kafin in tahi aiki Baba ya tara mu, ni da Mama da Gwaggo Uwa. Ya ce maganarka ta ƙare. Ya ce shi ba zai yi mani dole ba, na girma, ina da aikina, duk wanda na kawo zai ba shi. Amma ban da kai. Gwaggo saura kaɗan ta rangaɗa guɗa. Nan take ta ce Abbas yana jiran amsa ranar Asabar in sun taso daga rantsuwa."

Ta gyara mayafi, ta ci gaba.

"Na tambaye shi mi ka yi. Ya ce ba ka yi komi ba. Na ce to don mi? Ya tashi ya shige ɗaki. Da yamma ya zo nan, na sani, Laraba ce. Mi ya haɗa ku?"

"Ba abin da ya haɗa mu."

"Ka yi mashi rashin kunya?"

"Haba, Zulai."

"To mi ya ce maka?"

"Ya ce ban dace ba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Kai kuma ka ce to." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Kamar yadda kake ce ma masu mota. Shekara biyu, Yaya Sagir. Shekara biyu ina shan gori a gidanmu. Ƙawayena duk sun yi aure, wasu da goyo. In na shiga gidan biki sai mata su yi shiru. Gwaggo ta daina amsa gaisuwata wata uku. Duk na haɗiye, ina cewa ai wanda nike yi dominshi ba zai sake ni ba. Ashe kalma ɗaya ta isa."

"Ban sake ki ba."

"To faɗa mani gaskiya."

Maganar tana bakinsa. Ya san in ya faɗa, za ta gane ba laifinsa ba ne, za ta daina yi masa wannan kallon. Sai fuskar dattijon ta dawo masa, yadda ya duƙa da babbar riga yana tsamo takalmi cikin kumfa.

"Ba ni da abin da zan faɗa maki."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta jingina da tankin, ta saki wani dogon numfashi, kamar wadda ta sauke tulu.

"Ka ga cikin motar ke nan."

Ya kawar da kai.

"Wace mota?"

"Daina. Na gaji, wallahi na gaji, kar ka ƙara mani." Ta ja mayafi ta goge fuska. "Na sani tun bayan ƙaramar salla. Ina ɗakin haihuwa da rana aka kawo wata mata daga ƙauye, naƙuda ta zo mata a hanya. Na leƙa ta taga in ga ko a kawo keke. Sai na ga motarmu. Direban ya rufe fuska da rawani, shi ya riƙo kayan matar har bakin ƙofa. Ko cikin mutum dubu na san tafiyar Baba. Ya ajiye kayan ya juya da sauri, don ya san nan nike aiki. Ni na karɓi haihuwar. Matar tana ta sa ma direban albarka, wai bai karɓi ko sisinta ba. Na shiga banɗaki na yi kuka har aka zo nemana."

"Ba ki faɗa mani ba."

"Kai ka faɗa mani?"

Can gaba wani mai mota ya danna hon, Babaji ya ɗaga masa hannu alamar ya yi haƙuri.

"Mama ba ta sani ba," Zulaihat ta ci gaba. "Kullum da safe ita ke goge mashi babbar riga, tana addu'a Allah ya sa yau a sa hannu a fayil. Ni kuma in na ji motar asibiti ta shigo da jiniya, ba na iya zama. Sai na je na duba fuskar wanda aka kawo. Idonshi na dama ba ya gani sosai, ka sani? Hawan jininshi ni ke auna shi. Shekara sittin ba biyu, yana bin hanyar nan sau uku a rana, ga damina ta taho."

Ta rufe fuska da tafin hannu.

"Ba na son Abbas. Ko muryarshi ba na son ji. Amma in ya cika alkawari, Baba zai sauka daga hanya. Jiya ina zaune gaban marasa lahiya ina ta lissafi, in na ce a'a, aka kawo mani Baba cikin jini, da wane ido zan dubi Mama? In kuma na ce to..."

Ba ta ƙarasa ba.

"Kin tabbata zai cika?" Sagir ya tambaya a hankali.

"Ban tabbata ba. Amma shi yana da abin da zai yi alkawari da shi."

Maganar ta soke shi, ta kuma ga ta soke shi.

"Yi haƙuri. Ba haka nike nufi ba."

"Gaskiya kika faɗa."

"Yaya Sagir, ni dai na kai ƙarshe. Ba ni da sauran ƙarfin yanke komi. Kalma ɗaya na zo nema. In ka ce kar in amsa mashi, ba zan amsa ba, ko Gwaggo za ta tsine mani. In ka yi shiru, na gane."

Sagir ya dubi hannayensa, farare, duk sun tsattsage. Ya dubi layin motocin da ya kai shida yanzu, ranar da ta fi kowace rana ciniki tun da ya buɗe wurin. Jikinsa duk ciwo yake, rabonsa da barcin kirki tun farkon mako. A ransa ya ji da ma a ce wani ne zai yanke, shi ma ya samu ya jingina da tanki ya rufe ido.

"Kar ki amsa mashi," ya ce.

Ta ɗago.

"Ki je gida ki kwanta. Kar ki ce ma kowa komi."

"Mi za ka yi?"

"Ban sani ba tukuna. Amma jiya Baba ne ya yi magana, ni ban yi ba."

Ya tare mata mai babur, ya tsaya har ta ɓace a kwana. Sannan ya shiga 'yar rumfarsu ya tuɓe rigar aiki, ya wanke hannu da fuska, ya saka kaftaninsa na Juma'a da ke rataye jikin ƙusa.

Babaji ya bi shi da kallo.

"Ina zuwa, ga mutane na jira?"

"Ka yi wanda za ka iya, Baba Babaji. Sauran ka ba su haƙuri."

"Yau? Ranar da Allah ya kawo kasuwa?"

"Yau."

Dattijon ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya duƙa ya ɗauki soson da Sagir ya ajiye.

* * *

Hantsi ya ɗaga lokacin da ya isa gindin bedin. Ya kafe babur ɗinsa wurin wani mai faci, ya samu dutse ya zauna. Ranar kasuwa ce, mutane sun taru bakin titi, mata da ƙullin kaya, wani tsoho da kaji biyu a ɗaure, wani da jarkar kalanzir.

Ya fi awa ɗaya yana jira kafin farar Fijon ta ɓullo daga yamma, ta dawo daga sawun farko. Ƙura ta rufe ta, ta manne a gefen da ba a goge ba. Ta sauka daga kwalta ta tsaya. Direban ya fito, rawani har hanci, baƙin tabarau a ido, ya buɗe but yana kira da wata murya da Sagir bai taɓa jin ta a bakinsa ba.

"Batsari! Batsari! Saura ku taho!"

Mutane suka yi caa. Ya karɓi kaya yana cusawa, ya ɗaga jarka da ƙyar, ya tsaya ya dafe ƙugu kafin ya rufe but. Mata huɗu suka matsu a baya. Tsoho mai kaji ya nufi gaba, sai Sagir ya riga shi, ya buɗe ƙofa ya shiga ya matsa can kusa da giya, ya bar masa gefen taga.

Direban ya zagayo ya zauna, ya ja ƙofa, ya kai hannu kan makulli. Sai ya juyo.

Hannun ya tsaya.

"Ina kwana, Baba," Sagir ya ce a hankali.

Ta bayan baƙin tabarau Sagir ba ya iya ganin idonsa, sai rawanin da ke motsi a kan bakinsa, yana shiga yana fita da numfashi.

"Sauka," muryar ta fito ƙasa-ƙasa.

"Fasinja ne ni, Baba. Batsari za ni. In mun isa ka ce in sauka, zan sauka, ba za ka sake ganina ba. Amma daga nan zuwa can, don Allah ka ji ta bakina."

Kajin tsohon suka yi kuka. Zafi ya fara cika motar. Wata mata a baya ta gyara goyonta ta yi tsaki.

"Direba, mota ta cika fa! Rana na yi, mu tahi mana!"

Alhaji Abdurrahim ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana kallon titi.

Sannan ya murza makulli.